Tsakanin Amanar Labari da Amanar Rai

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Sauri ya tuna da ganuwar da ta kewaye Katsina, lalle ya san cewa magabatanmu, waɗanda ba mai iya tuhumarsu da raunin tawakkali, sun ɗebo ƙasa sun katange birninsu, sun sa masu tsaro a ƙofofi, ba su kuwa ɗauki wannan jayayya da ƙaddara ba. Mas'alar da suka warware da gini ita ce ta dawo wa ɗan jarida a zamaninmu, tun da dajin Rugu ya zama mafakar 'yan bindiga.

Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye suka kwana suna jiran wanda zai gaya musu gaskiya; daga baya Abdul'aziz Abdul'aziz na Daily Trust ya yi ido da ido da Auwalu Daudawa, jagoran satar, ya ji ta bakinsa. To, shin ya halatta mutum ya kai kansa wurin irin waɗannan mutane? Sura guda, Baƙara, ta hana mu jefa kanmu cikin halaka, ita ce kuma ta hana ɓoye shaida, malaman usulu kuwa sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su.

A ganina jawabin yana cikin ƙissar Huzaifa ɗan Yamani, Allah ya yarda da shi. A daren Yaƙin Gwalalo, cikin sanyi da guguwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aike shi sansanin abokan gaba ya ɗauko labari, ya kuma gargaɗe shi kada ya tayar da komai har ya dawo. Huzaifa ya hango Abu Sufyan, jagoran abokan gaban, yana jin ɗumi, har ya ɗana kibiya, sai ya tuna da umurnin, ya mayar da ita, ya komo da labarin cewa rundunar tana shirin tashi. An halatta masa shiga haɗari, amma an sharɗanta masa dawowa, domin labarin da ya mutu a ƙirjin mai shi bai amfani kowa ba. Saboda haka ɗan jaridar da ya sanar da editansa hanyar da zai bi da sa'ar da zai fito, ya nemi amintaccen ɗan gari ya yi masa jagora, ya kuma juya da baya in ya ga alamu sun sauya, yana cika sharaɗin aikensa ne.

Ban faɗi haka don ɗora laifi kan 'yan jaridar da suka riga mu gidan gaskiya ba. Zakariya Isa na NTA a unguwarsu aka harbe shi a Maiduguri cikin Oktoba 2011, Enenche Akogwu na Channels kuwa an harbe shi a Kano ran 20 ga Janairu 2012 yana bakin aikinsa. Ajali ba ya jiran dabara. Abin da ke damuna shi ne, bayyana halin da talakawa ke ciki faralun kifaya ne, wanda ya ɗauke wa jama'a wannan nauyi kuwa yana da hakki a kansu, musamman a kan mai gidan jaridar da zai tura yaro daji ba horo, ba rigar sulke, ba wani tanadi ga iyalinsa, sa'an nan ya ce masa Allah ya tsare.

Akwai kuma ran da aka fi mantawa da shi, na manomin da ya buɗe baki ya yi bayani. Ɗan jarida zai koma birni, shi kuwa a ƙauyen zai kwana, inda zargin kai rahoto ga hukuma kaɗai ya isa a kashe mutum. Wanda ya buga sunansa ko ya nuna fuskarsa ba tare da ya auna abin da zai biyo baya ba, ya sayi labarinsa da jinin da ba nasa ba, ban kuwa san wani malami da zai ba shi fatawar haka ba.