Guntun Ƙullun da Ake Ba Yara

Mudu uku na alkama na lalata kafin alkakina ya fara kama da alkaki. Na farko ya warware a cikin mai, ya koma kamar tsakin kaji. Na biyu ya haɗu, amma don tsami maigidan ya gutsuri ɗaya, ya yi shiru, ya nemi ruwa. A na uku na ce bari in rama da kanwa, sai ya fito baƙi-baƙi yana warin sabulu. Yaran maƙwabta ma, waɗanda ba su taɓa mayar da kwano da saura ba, ranar nan sun mayar.

Ba sha'awa ce kawai ta kai ni ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, albashi ya daina kai ƙarshen wata, kuma kusan kowace mace da na sani a Azare ta nemi abin yi a cikin gida. Wannan tana kek, waccan cincin, wata sabulun ruwa, wata ta koma ɗinkin hular da ta ajiye tun tana budurwa. Ni na zaɓi alkaki, don na lura ko rayuwa ta yi tsada ba a fasa aure, kuma ba a kai gara babu alkaki da nakiya da dubulan. Malamata ita ce waya. Na kalli bidiyon wata baiwar Allah ya fi sau goma, na rubuta komai a littafi: barzajjiyar alkama kofi kaza, mai kaza, nono kaza, kanwa cokali kaza. Ban tsallake ko layi ɗaya ba, abin kuma ya ƙi.

Da na gaji da asara, sai na hau mota ta hanyar Gadau na tafi Katagum wajen Goggo, yayar mahaifinmu, wadda ta shekara fiye da arba'in ana ɗaukarta gidajen biki don alkaki. Tana da wata tsokana da take yi wa duk wanda ya zo daga wajenmu: wai a 1916 da aka mayar da hedikwatar masarauta Azare, sarauta kawai aka kwasa, an manta da alkaki a Katagum, garin Malam Zaki. Da na nuna mata littafina ta yi dariya har da riƙe ciki.

Washegari da hantsi ta buɗe ƙullun da ya kwana, ta sunkuya ta sansana, ta miƙo mini ruwan kanwa.

"Goggo, cokali nawa zan sa?"

"Cokali kuma? Maganin asibiti ne? Zuba, 'yar nan."

"To, har yaushe?"

"Har tsamin ya kwanta. Ba ki da hanci ne?"

Raina ya ɓaci, don na ɗauka rowar sani ce irin ta tsofaffi. Sai daga baya na gane ba ta da lambar da za ta ba ni, domin babu lambar. Yawan kanwa yana bin yawan tsami, tsami kuma yana bin zafin daren da ƙullu ya kwana. A watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasarmu kan haura digiri 40, dare ɗaya ya isa ya tsamama shi har ya wuce misali. Da hunturu kuwa sai ya kwana biyu yana nan kamar ba a taɓa shi ba. Kanwar ma ba ɗaya ba ce, ungurnu daban, ja daban. Alkamar fadama da aka barza jiya ba ta shan ruwa kamar wadda ta shekara a buhu. Garin busasshiyar kuɓewa ko karkashin da ake sawa don ƙullu ya yi yauƙi ya naɗu bai tsinke ba, shi ma a tafin hannu ake jin ya isa. Matar bidiyo ba ta yi mini ƙarya ba. Awon ɗakin girkinta ta faɗa, na ranar da ta ɗauki hoton.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ba a cikin kwano na gan shi ba. Akwai jikar Goggo, yarinya 'yar shekara shida, zaune a gefen tabarma. Ba tare da ta ko waiwaya ba Goggo ta gutsuri ƙullu kamar girman goro ta jefa mata. Yarinyar ta murza, ya tsinke, ta dunƙule, ta sake. Ta naɗe shi a karkace, ya faɗi ƙasa, ta kakkaɓe. Ba wanda ya gyara mata, ba wanda ya tsawata. Da aka gama suya aka jefa nata a ƙarshen mai, ya fito wani iri, ta cinye abinta tana murna. Na tambayi Goggo wa ya koya mata alkaki. Ta ce ita ba ta tuna ranar da aka koya mata ba, ta dai taso ta ga ta iya.

Na yi lissafi a mota ina komowa. Yarinyar nan kafin ta isa aure za ta lalata ƙullu sau ɗari ko fiye, kuma duk asarar ba za ta cika mudu ɗaya ba. Ni kuwa da na fara da girmana, kowane kuskure mudu guda ne, ga mai, ga sukari, ga gawayi, ga kuɗin barza. Kuma a idon mutane nake yinsa.

Masu sana'ar zare sun fi mu sa'a ta nan. Mai koyon ɗinkin hula a kan ƙyalle yake farawa, in layi ya karkace ya sa allura ya warware. Lokaci ya tafi, ido ya yi yaji, amma zare yana nan. Mai saƙa faifai ma takan kwance kabar ta sake jiƙawa. Ƙullu ba ya warwaruwa. Ƙawata mai kek ta fi ni shan wahala, don ba ta da oben, kuma ko tana da shi wutar lantarki ba abar dogaro ba ce. A tukunya take gashi, da yashi a ƙasa don ya raba zafin, da gwangwanayen madara a kai, da garwashi a bisa murfi. Wuta ta yi yawa ƙasa ya ƙone ciki ɗanye. Ta ɗaga murfi da wuri don leƙawa, kek ya lotsa a tsakiya. Kowane leƙe ƙwai ne da bota da fulawa, fulawar da ake yi da alkamar ƙasashen waje, wadda farashinta ya tashi tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, faɗuwar naira kuma ta ƙara masa fiffike. Na san mata da dama da suka daina bayan gwaji biyu, suna cewa ba su da hannu. Ban yarda ba. Jarin kuskure ne ya ƙare musu.

Shi ya sa nake ɗan ja da baya in na ji an ce an horar da mata sana'a a mako ɗaya, an raba takardar shaida, an ɗauki hoto. Ba na raina abin, ana tsintar alheri a ciki. Sai dai abin da ake bayarwa a mako ɗaya irin littafina ne, shi kuwa na riga na ga iyakarsa.

Da na dawo daga Katagum, na koma yin rabin kofi, rabin kofi, kusan kullum da yamma, na daina yin mudu. Wajen wata biyu ina haka. Wata rana na buɗe kwano, tun kafin in taɓa ƙullun hancina ya ce mini yau kanwa kaɗan ce. Na naɗa, ya naɗu. Na sa a mai, bai motsa ba sai launinsa da ke sauyawa a hankali. Na tsoma shi a dafaffen sukari mai ɗan lemon tsami, na karya ɗaya, ya yi ƙaras, zaƙi ya ratsa har tsakiya. Ni kaɗai ce a tsakar gida, amma sai da na yi guɗa.

Garar farko da aka ba ni aiki, da na cire kuɗin kaya ribar ba ta taka kara ta karya ba, kafaɗata kuma ta yi kwana uku tana ciwo. Na aika wa Goggo guda biyar. Saƙon da direba ya kawo mini shi ne sukarin ya ɗan yi yawa, kuma in ƙaro mata goma.

Yanzu in zan yi, 'yar maƙwabciyata takan zo ta tsuguna a bakin ƙofar kicin. Shekaranjiya uwarta ta leƙo ta tarar na gutsura mata.

"Haba Maman yara, alkama da tsadar nan kike ba ta tana wasa?"

Na ce ta bar ta. Nata ya warware a mai, na tsame gutsattsarin da matsami na zuba mata a murfin kwano. Ta zauna tana tsinta ɗaya bayan ɗaya, tana tambayata ko gobe ma zan kwaɓa.