Wa Ya Riƙe Maka Tsani?

Karatu: Yahaya 15:12-15

A shekara ta 2010 an yi wani fim a Amurka mai suna The Social Network. Labarin Mark Zuckerberg ne, wanda ya kafa Facebook a 2004 yana ɗan shekara 19. A fim ɗin, abokinsa Eduardo Saverin ne ya zuba kuɗin farko. Da kamfani ya bunƙasa, aka zaftare rabonsa, abota ta ƙare a gaban lauyoyi. A ƙarshe ga saurayin zaune shi kaɗai, yana jiran wata ta amsa roƙonsa na abota.

Masu fim sukan ƙara gishiri, amma tambayar taka ce. Wa ya riƙe maka tsani sa'ad da kake hawa? Har yanzu kana zuwa gaishe shi? Allah bai hana ka ci gaba ba, amma yana ganin wanda ka ture a hanya. Yesu ya kira almajiransa abokai, ya ba da ransa dominsu. In akwai wanda ka yasar saboda riba, ka neme shi a makon nan, ku shirya.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka koya mini riƙon amana kamar naka. Amin.