Tsuntsun da Ake Gada

Malamai sun daɗe da tattauna hukuncin tsare tsuntsu a keji. Masu halattawa suna kafa hujja da hadisin Anas bin Malik game da ƙaninsa Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma Annabi (SAW) bai hana ba. Ibn Hajar ya ambaci wannan fa'ida a Fathul Bari. Amma halascin yana rataye da sharaɗi, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. A ganina makau, wato babban akun nan na dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, ya isa ya nuna cewa sharaɗin nan bai tsaya ga kwanon abinci da na ruwa ba.

Kyanwar an hana ta abin da rayuwarta ta ginu a kansa, kuma nan laifin yake. To a kan me rayuwar makau ta ginu? A daji cikin garke yake, yana riƙe abokin zama ɗaya shekara da shekaru, yana ratsa daji a sama don neman 'ya'yan itace. Mai launin shuɗi na yankin Pantanal a Brazil yana kai tsawon mita ɗaya, bakinsa kuma yana fasa ƙwallon 'ya'yan itace irin wanda mutum sai da guduma. Idan aka kawo shi falo, bakin nan ba ya hutawa: ƙofa, kujera, wayar lantarki, duk sai ya gwada su. Ihun da yake kiran 'yan uwansa da shi safe da yamma, maƙwabta ne za su sha shi. In kuma aka bar shi shi kaɗai wuni guda, kullum, yakan fara tsige gashin ƙirjinsa har fata ta fito fili, ga abinci a gabansa. Wanda ya ga haka ya ce ai na ciyar da shi, ya riƙe lafazin sharaɗin ne kawai. Suratul An'am, aya ta 38, ta bayyana tsuntsaye a matsayin al'ummomi irinmu, kuma ba mamaki Ibn Aƙil na mazhabar Hambali ya ɗauki tsare tsuntsu don jin daɗin kukansa a matsayin wauta.

Wani zai ce yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu a hannun mutane aka ƙyanƙyashe su, ba su san daji ba, in an sake su ma mutuwa za su yi. Gaskiya ne, musamman tun da Amurka ta taƙaita shigo da tsuntsayen daji a 1992, Tarayyar Turai kuma ta hana a 2007, bayan fatauci ya taimaka wajen ƙarar da nau'in makau na Spix daga dajin Brazil. Sai dai wannan hujja ce ta kada a saki wanda ke hannu, ba ta sauƙaƙa wa mai saye komai ba. Ƙara masa nauyi ma ta yi, tunda tsuntsun ba shi da garken da zai koma, mai shi ne garkensa.

Akwai kuma batun shekaru, wanda masu saye ba su cika lissafawa ba. Makau yana iya haura shekara 50. Magidanci ɗan shekara 40 da ya sayi ɗan tsako ya ɗauko amanar da watakila 'ya'yansa ne za su ƙarasa, alhali ba a shawarce su ba. Tsuntsun da ya shaƙu da mutum ɗaya kuwa yakan ƙi sabon hannu, ya yi cizo, sai a riƙa miƙa shi daga gida zuwa gida. Duk da haka ban ce haramun ne ba, amma kafin a biya kuɗin, sai a samu wanda ya amsa da bakinsa cewa zai karɓe shi bayan mai shi.