Shin Aron Kalma Abin Kunya Ne?

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakaninmu marubuta, da wuya a yi zaman karatu a tashi ba a taɓo ta ba. Matashi zai karanta labarinsa, a ji ya ce direba ya taka birki a bakin kanti, sai wani ya ɗaga hannu ya ce an gurɓata Hausa da Turanci. Wani kuma ya ce ai haka mutane ke magana, a ƙyale yaro. Masu ra'ayin farko ba su da makamin da ya wuce karin maganar nan da ke cewa zanen aro ba ya rufe katara. Maganar kuwa ba ta wasa ba ce, domin a kanta ne wasu sababbin marubuta suka tsorata suka ajiye alƙalami, wasu kuma suka yi fushi suka tsunduma cikin Ingausa. Saboda haka ya kamata mu zauna mu duba, shin aron kalma abin kunya ne? In kuwa akwai abin kunya a cikin lamarin, a ina yake?

Bari mu fara da shi harshen da ake zarginmu da yi wa roƙo, wato Ingilishi. Asalinsa harshen wasu ƙabilu ne da suka ƙetara teku daga yankin arewacin Jamus da Denmak na yau, suka zauna a tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5. Bayan shekarar 597, da addinin Kirista ya fara kafuwa a cikinsu, sai kalmomin Latin na ibada da na makaranta suka shigo. Daga ƙarshen ƙarni na 8 mahara daga Denmak da Nowe suka dinga kai musu farmaki, daga bisani suka zauna aka yi auratayya. Waɗannan baƙi sun bar wa Ingilishi kalmomi irin su "sky" da "egg" da "skin", wato sama da ƙwai da fata. Abin mamaki ma, har wakilin suna "they", wato "su", daga wurinsu aka samo shi. Harshen da ya ari "su" kuwa ai ba ya yi wa kowa gorin aro.

Babbar ambaliya ta zo a 1066, lokacin da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan fada da kotu suka koma Faransanci, talakawa kawai aka bari da Ingilishi. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a a kotu da Ingilishi, amma kafin wannan zamani ya shuɗe masana sun ƙiyasta kalmomin Faransanci wajen 10,000 suka shige cikinsa. A nan akwai wani darasi da muke so mai karatu ya riƙe, don za mu komo kansa. Saniya tana raye a garke sunanta "cow", tunkiya "sheep", maraƙi "calf", duk kalmomin gida. Amma da zarar nama ya hau akushin mai mulki sai ya zama "beef" da "mutton" da "veal", duk daga Faransanci. Ma'ana, mai kiwo ya riƙe sunan wahala, mai ci ya raɗa sunan daɗi.

Larabci ma ya ba da nasa. Kalmar "cotton", wato auduga, daga "ƙuɗn" ta Larabci take, ta biyo ta bakin 'yan kasuwar Italiya da Faransa. Mutanen Sifen har yau suna cewa "algodon", sun haɗiye ta tare da "al" ɗinta, kamar yadda muka yi wa albasa da alkama da alƙalami. "Sugar" daga "sukkar" take, Larabawa kuma daga Farisa suka samo, su kuma daga Indiya. Shi ya sa sukari da suga a bakinmu kalma ɗaya ce ta zo mana ta hanya biyu, ɗaya a bayan raƙumi, ɗaya a jirgin ruwa. Haka gahawa da kofi. "Zero" ɗan uwan sifirinmu ne. Ko "magazine", wato mujalla, asalinta "makhazin", ɗakunan ajiya, kuma ita ce 'yan uwanmu na Nijar suka karɓa ta hannun Faransanci suke cewa mangaza. A wani ƙidayar da masana biyu, Finkenstaedt da Wolff, suka buga a 1973 bisa kalmomi wajen 80,000 na wani ƙamus na Oxford, sun sami kimanin kashi 28 cikin 100 daga Faransanci, wani kashi 28 daga Latin, kashi 25 kacal ke da asali daga dangin harshen na Jamus.

Kada a zaci su Turawan ba su yi irin gardamarmu ba. A ƙarni na 16 sun yi ta sosai. Wani shehin malami na Kambirij, John Cheke, ya rubuta wasiƙa a 1557 yana kira da a riƙa rubuta Ingilishi tsantsarsa ba gauraye. A ƙarni na 19 wani mawaƙi, William Barnes, ya yi ta ƙirƙiro kalmomin gida don ya kori na Latin. Jama'a suka saurare su, suka ci gaba da maganarsu yadda suka saba. Ga shi yau ba mai cewa katarar Ingilishi a waje take.

To, mu dawo gida, mu tsaya a ƙasar Funtua da Malumfashi, inda ita wannan auduga ta yi suna. Sanin kowa ne tun kafin zuwan Turawa ake noman kaɗa a wannan yanki, ana gurza ta, a shiɓe, a kaɗe, a saƙa. A 1902 masu masaƙu na Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, wadda aka fi sani da BCGA, a birnin Manchesta, don su samar wa injinansu abinci. Ita ce daga baya ta kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, har yau kuwa akwai unguwa a Funtua da ake kira da haruffan sunanta. A shekarun 1920 aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka kuma shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929.

Yanzu mu bi manomin Bakori ko na Ƙafur daga gona zuwa kasuwa, mu kasa kunne. A gona zai yi sassabe, ya yi huɗa da garma, ya shuka gurya, ya yi firi da maimai da fartanya, kaka ta yi a ciri auduga. Duk tsawon damina Ingilishi bai sa masa baki ba. Amma ranar da ya ɗaure kaya ya nufi wurin sayarwa, sai harshe ya juya. Fuloti zai kai, lebura ya ɗora a sikeli, a duba a ba ta lamba, ɗan kamasho ya ci nasa, a ba shi rasit, a biya shi fam da sule da sisi da kwabo. Daga nan kamfani ya zuba a sito, a kai inji, a yi lodi a taragu a tasha. Waɗannan duka daga Ingilishi suke. Akawun da ke riƙe da littafi kuwa sunan aikinsa daga Yarabanci ya zo. Ashe labarin saniya da nama ne ya sake faruwa a ƙasarmu: kalmomin gumi namu ne, kalmomin awo da farashi na mai riƙe da sikeli ne, kuma ba manomi ke yanke farashin ba, har zuwa 1986 da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona.

Wannan shi ne dalili na farko da ya sa muke ganin kuskure ne marubuci ya ce zai share waɗannan kalmomi. Shaidu ne. Wanda zai rubuta labarin kakansa da ya kai auduga Funtua a 1950, in ya cire sikeli ya sa ma'auni, ya cire fuloti ya sa kasuwa, ya goge sawun wanda ya zo ya yi ciniki da mu bisa sharaɗinsa. Ya tsabtace jimla, amma ya rage gaskiya.

Dalili na biyu, ita tsantsar Hausar da ake so mu koma, ina take? Littafi da allo da tawada da alƙali da riba, da sunayen ranakun mako, da ƙidaya daga ashirin zuwa casa'in, duk daga Larabci. Galadima da ciroma da yarima daga Barebari. Kasuwa Balarabiya ce da ta yada zango a Barno kafin ta iso mu, kuma a 1960 masanin harsuna Joseph Greenberg ya kawo hujjar cewa karatu da rubutu ma ta hannun Barebari muka same su. Takobi da cuku na Buzaye ne, burtali da kindirmo na Fulani, ashana da agogo da keke na Yarabawa. Jaridar da aka fara a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, ita kanta da kwabon aro a cikin sunanta. In an ce kowa ya zo ya ɗauki nasa, ko sanarwar taron ba za mu iya rubutawa ba.

Wataƙila ma sunan da aka ba abin ne ya ruɗe mu. A Hausa, aro shi ne ka karɓi abu ka mayar da shi kansa. Rance kuwa ka mayar da kwatankwacinsa. Kalma ba ta cikin ko ɗaya, don ba a mayar da ita, mai ita kuma bai rasa komai ba. Ta fi kama da ɗibar wuta a maƙwabta. Garwashin ya fito daga wani gida, amma da ya kama a murhunki, da itacenki yake ci, tuwonki yake dafawa. Alamar ya kama kuwa a fili take: kalmar za ta ɗauki lafazinmu da jam'inmu, ta haihu. Mota ta zama motoci, direba direbobi, lebura ya haifi leburanci, canji ya haifi canza da canzawa. Baturen Ingila in ya ji taragu ba zai gane tasa ba ce.

Duk da haka, ba za mu sallami masu ƙorafi hannu rabbana ba, domin akwai gaskiya a bakinsu. Ɗibar wuta daban, ƙone gida daban. Akwai aron buƙata, wanda jama'a ke yi in sabon abu ya zo ba shi da suna. Akwai kuma aron burga, wanda ɗan boko ke yi don a san ya je makaranta. Wanda ya rubuta "na yi deciding zan yi calling ɗinsa" bai rasa yanke shawara ba, bai rasa kira ba, mai karatu ne ya raina. A nan ne maganar ta tashi daga nahawu ta koma ta hali. Manomin Ɗandume da ya sayi littafi da kuɗin masararsa ya ba mu amana, cewa za mu yi masa magana da abin da zai gane. In mun cusa masa kalmar da sai ya nemi tafinta, mun maimaita masa abin da aka yi wa kakansa a gaban sikeli, wato a yi magana a kansa da harshen da ba ya ji. Haka kuma wanda ya ƙago wata baƙuwar Hausa a ɗakinsa don gudun cewa birki, shi ma ya bar mai karatu a waje. Ƙirƙira tana da kyau in ta zauna a bakin mutane, kamar jirgin ƙasa da takin zamani da Majalisar Ɗinkin Duniya. Alƙalin dai ɗaya ne, kunnen jama'a. A ƙetaren iyaka ma haka abin yake, inda Bahaushen Maraɗi ke cewa lakwal da mushe, mu muna cewa makaranta da malam, kowa da maƙwabcin da ya ɗebo wa wuta.

Sannan akwai asarar da ta fi wannan girma, wadda hayaniyar aro ta hana mu gani. Harshe ba ya talaucewa don baƙuwar kalma ta shigo, sai dai in 'yar gida ta fita. Mu tambayi ɗalibin sakandare a Malumfashi, mene ne magurji? Yaya ake shiɓa? Mene ne mazari, me ya sa mai kaɗi ke ajiye alli kusa da ita? Mene ne bambancin zare da abawa, kuma ƙoshiyar masaƙi ta miya ce? Ba Ingilishi ne ya kori waɗannan ba, sana'ar ce ta ja baya, kalmomin suka bi ta. Tsofaffin da suka san su suna nan a ƙauyukan Ɗanja da Ƙanƙara da Faskari, amma ba za su dawwama ba. Bargery, wanda ƙamusunsa ya fito a 1934, yawo ya yi ƙasa ƙasa yana tambaya. Mu da muke 'yan gida, me ya hana mu?

Saboda haka shawararmu ga 'yan uwa, musamman masu tasowa, guda uku ce. Kalmar da ta riga ta zauna a bakin jama'a, a rubuta ta da rubutun Hausa ba tare da jin nauyi ba. Wadda muke da tamu mai rai, kada a tsallake ta gida a ɗauko ta waje. Sannan kafin a yanke wa kalma hukunci a bincika, domin shekara da shekaru ana cewa boko daga "book" take, sai a 2013 Paul Newman ya nuna tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus. Wutar ma ba gefe ɗaya take tafiya ba: babban ƙamusun Oxford ya shigar da Kannywood a 2020, daga baya ya ƙara da suya, ba mu kuwa ji sun ce sun ji kunya ba.

Lokacin da muke ɓatawa wajen korar sikeli, da mun ba mazari shi da ya fi. Kowane ɗayanmu ya ɗauki littafi da biro ya je wurin wata tsohuwa mai kaɗi ko wani tsohon masaƙi, ya rubuto kalma ashirin, ya sa biyar a cikin labarinsa na gaba, a inda mai karatu zai gane su daga yadda aka yi aiki da su.