Damin Iri: Na Wane Ne?

Godiya ta tabbata ga Allah mai fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ƴan'uwa Musulmi, ga tambayar da ke dawo mana duk bazara: magidanci ya share rumbu, yara na kuka, ba abin da ya rage sai damin iri. Ya sussuka ya ba su, ko ya daure sai an yi ruwan shibka?

Mun san darajar damin nan. Tun hatsi na tsaye iyayenmu ke shiga gona su zaɓi zangarniya mai tsawo, mai cika, a ajiye ta ba a sussuka ba. Haka zango ya iso hannunmu, ya san ƙasarmu, ya san ruwanmu. A cikin Suratu Yusuf ma, shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ba mutanen Masar ita ce a bar abin da aka girbe a zangarniyarsa saboda shekarun fari. A ganinmu iri amana ne, mai gona riƙo kawai yake yi.

Duk da haka ba mu zargin wanda ya ci nasa don yunwa, domin shari'a ta gabatar da tsare rai. Waɗanda suka ga 1984 da 2005 sun sani. Wanda muke tuhuma shi ne maƙwabci mai cikakken rumbu, wanda zai ba shi tiya ɗaya ta iri da sharaɗin biyu ko uku da kaka. Wannan riba ce, ko da an kira ta taimako, kuma abin takaici, wani mai yin ta a sahun farko yake salla.

Ba mu ƙin irin zamani. HKP na INRAN yana saurin nuna, ana kuma iya ajiye shi a sake shibkawa. Amma garin da ya saba jiran motar rabo ya ba wani mabuɗin rumbunsa: ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙe, manomi na zaune yana duban hanya.

Saboda haka muna kira ga limamai: ran fitar da zakka, kowane gida ya ƙara dami guda na zaɓaɓɓen iri, a tara a rumbu ɗaya, dattawa biyu su riƙe mabuɗi. Wanda ya ranci tiya, tiya zai mayar.