Kyan Ɗan Maciji: Tsofaffin Motocin Amurka da Amanar Tuna Baya

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Da wuya a sami inda wannan karin magana ya zauna daram kamar kan begen da Amurkawa ke yi wa motocin da masana'antun birnin Detroit suka ƙera tsakanin ƙarshen yaƙin duniya na biyu da farkon shekarun 1960. An wallafa manyan littattafan hotuna a kansu, an yi finafinai da su, har ta kai ana ambaton mota kamar yadda ake ambaton ɗan wasa. Sai dai akwai tambayar da ta cancanci masu tarbiyya su tsaya a kanta: shin ya halatta mutum ya ƙaunaci kyan abu, ya kuma rufe ido ga abin da aka biya kafin a sami wannan kyau?

Adalci shi ne a fara da yarda cewa kyan nan na gaskiya ne. Tun shekara ta 1927 kamfanin General Motors ya ɗora Harley Earl kan sashen tsara surar motoci, inda ake fara gina siffar mota da yumɓu kafin a taɓa ƙarfe. Daga wannan sashe ne aka fito da ƙananan fikafikan da aka ɗora a bayan Cadillac ta 1948, waɗanda aka kwaikwayo daga jirgin yaƙi mai suna P-38. Fikafikan suka yi ta girma shekara bayan shekara, har suka kai maƙura a Cadillac ta 1959. Duk wanda ya dubi hoton Chevrolet Bel Air ta 1957, da launinta biyu da farin ƙarfenta mai walƙiya, ya san hannun gwanaye ya ratsa wurin. Raina wannan aiki raina gumin masu zane ne da na dubban ma'aikata, cikinsu har da baƙaƙen fatar da suka yi ƙaura daga kudancin ƙasar don neman abinci a masana'antu.

To amma me ya sa aka yi wannan ado? Alfred Sloan, wanda ya daɗe yana shugabantar General Motors, shi ne ya kafa al'adar sauya surar mota kowace shekara. Manufar ita ce mai mota ya dubi tasa ta bara, wadda lafiyarta ƙalau, ya ji ta tsufa a idonsa, ya koma kasuwa. Wato an yi ƙawar ne don ta gushe da wuri, ta bar ƙishirwa a zuciya. Tun a lokacin wasu marubuta sun gano haka: John Keats ya yi wa motocin ba'a a littafinsa The Insolent Chariots a 1958, Vance Packard kuma ya soki ɗabi'ar ƙera kaya don su zama shara a The Waste Makers a 1960. Abin mamakin shi ne, kayan da aka ƙera don a ƙosa da su cikin shekara guda su ne yau ake adanawa kamar gadon kakanni.

Akwai kuma kuɗin da aka biya da jini. A kowace shekara ta 1950 zuwa 1959 fiye da mutum 30,000 ne ke mutuwa a hanyoyin Amurka, a 1966 kuwa adadin ya haura 50,000. Yawancin motocin ba su da ɗamarar ɗaure fasinja, sandar sitiyarinsu kuma takan soki ƙirjin direba idan aka yi karo. Littafin lauya Ralph Nader mai suna Unsafe at Any Speed, wanda ya fito a 1965, ya zargi kamfanoni da fifita ado a kan rai, kuma yana cikin abubuwan da suka sa aka kafa dokar kiyaye lafiyar masu mota a 1966. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora ta haɗa Bel Air ta 1959 karo da Chevrolet Malibu ta 2009 don gwaji: mazaunin direban tsohuwar ya murƙushe, na sabuwar ya tsaya. Ga kuma gubar dalma da aka fara zubawa a fetur a 1923, wadda ba a gama haramta ta ga motocin Amurka ba sai 1996, bayan yara masu yawa sun shaƙe ta. Wannan shi ne kyan ɗan maciji.

Littattafan hotuna ba su cika nuna wanda aka bari a gefen hanya ba. A littafin On the Road na Jack Kerouac, wanda aka buga a 1957, samari fararen fata suna keta ƙasar daga gabas zuwa yamma, suna kwana inda dare ya yi musu, hanya ta zame musu ƴanci. A waɗannan shekaru kuwa magidanci baƙar fata da ya sayi irin wannan mota da guminsa sai ya riƙe ɗan littafin da Victor Hugo Green ya fara wallafawa a 1936, wanda ke lissafa masauki da gidajen abinci da gidajen mai da ba za a kore shi ba. Dokar manyan hanyoyi ta 1956, wadda ta tanadi kusan kilomita 66,000, ta ratsa unguwannin talakawa a birane da dama. A Detroit kanta titin Hastings, cibiyar kasuwanci da kiɗan baƙaƙen fata, ya ɓace ƙarƙashin babbar hanya. Fim ɗin Green Book na 2018 ya tuna wa masu kallo wannan tarihi cikin Cadillac ta 1962, ko da yake an soke shi da sassauta ɗacin labarin.

Mai hankali zai iya cewa: ina laifin ƙarfe? Mota ba ta kafa dokar wariya ba, wanda ke sha'awar layin jikinta kuma bai kashe kowa ba. Idan sai abin da ya fito daga zamani mai tsarki za a so, to babu ginin tarihi ko waƙar fada da za ta tsira, domin babu zamanin da hannunsa bai ɓaci ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma gaskiya ce. Laifin ba ya cikin so. Yana cikin shaida. Mai rubuta littafi ko mai shirya fim kan zamanin da ya wuce ya tsaya ne a matsayin mai ba da shaida ga waɗanda ba su gani ba. Shaidar da ta faɗi rabin gaskiya, ta ɓoye rabin da ba shi da daɗi, ƴar uwar shaidar zur ce, ko da kowace kalma a cikinta daidai take.

Finafinan da suka fi daraja sun san da wannan. American Graffiti na George Lucas ya fito a 1973, ƴan watanni kafin takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa ya girgiza zamanin manyan motoci. Labarin dare guda ne na 1962 a wani gari na Kalifoniya, samari na zagaya titi da motocinsu, kiɗa na tashi daga rediyo. Amma a ƙarshe sai rubutu ya bayyana yana sanar da makomarsu: gwanin tsere ya mutu a hatsarin da wani bugaggen direba ya haddasa, wani kuma ya ɓace a yaƙin Biyetnam. Begen yana nan, gaskiya ma tana nan. Shi kuwa Christine, littafin Stephen King da John Carpenter ya mayar fim a 1983, ya ɗauki jar Plymouth Fury ta 1958 ya mai da ita aljana mai kishi, wadda ke cinye halin yaron da ya gyara ta. Darasinsa a fili yake: so idan ya rasa idon gani, abin da aka mallaka ne ke komawa ya mallaki mai shi.

Duk da haka akwai wata nagarta da ta tsiro inda ba a shuka ta ba. Makaniken da ya share shekaru yana neman ƙusa da fitila don ya ta da motar da aka yar, ya warware nufin Sloan ba tare da ya sani ba: ya ce abin da aka yi da kyau ya cancanci kulawa. Tsohuwar zuma da ita ake magani. A Habana, babban birnin Kyuba, motocin da suka shiga ƙasar kafin juyin juya halin 1959 sun ci gaba da ɗaukar fasinja shekaru da dama bayan an yanke cinikayya da Amurka, da yawansu da injin dizal na wata ƙasa a ciki. Sai dai a nan ma dole mai kallo ya yi hattara: abin da baƙo ke ɗauka hoto yana murmushi, ga mai shi larura ce ta rashin sabuwa.

Saboda haka malamin da ya nuna wa ɗalibansa irin waɗannan finafinai, ko ƙungiyar al'adu da ta shirya muhawara a kansu, ba a neme su da hana kowa sha'awa ba. An neme su da ƙara tambayoyi uku a kan sha'awar: wa ya ƙera, wa ya hau, wa ya biya? Kowace al'umma tana da tata Cadillac, wato wani zamani da take gogewa har ya yi sheƙi, ta manta da waɗanda suka ɗauki nauyinsa. Waiwaye adon tafiya ne, amma sai in mai waiwayen ya buɗe idanunsa duka biyu.