ZANGON TIHU: ME YA TSARE BANI ISRA'ILA SHEKARA 40 A CIKIN SAHARA?



Ƴan uwa masu albarka, yau ina so mu ɗan yada zango a inda Bani Isra'ila suka yada nasu, wato saharar Sina'i da ke tsakanin Masar da Falasɗinu. Malaman tafsiri suna kiran wurin Tihu, ma'ana inda ake ɗimuwa, mutum ya yi ta tafiya bai san inda ya dosa ba. Labarin yana cikin surorin Baƙara, Ma'ida, A'araf da Ɗaha.

Ka fara duba su waye waɗannan mutane. Da idonsu suka ga teku ya tsage, da ƙafarsu suka ratsa ta tsakiyarsa. Fir'aunan da yake yanka musu ƴaƴa maza ya nutse suna kallo. Amma suna haye ruwa suka iske wasu mutane sun duƙufa a kan gumaka, sai suka nemi Annabi Musa (AS) ya yi musu irin wannan abin bauta su ma. Subhanallah! Da ya tafi ganawa da Ubangijinsa a Dutsen Ɗuri, dare 30 aka cika masa da 10, kafin ya dawo Samiri ya narka kayan ado ya ƙera musu ɗan maraƙi, sun kewaye shi, alhali Annabi Haruna (AS) yana cikinsu yana hana su.

Sai babbar jarrabawa ta zo, wadda take cikin Ma'ida daga aya ta 20 zuwa ta 26. Aka umarce su su shiga ƙasa mai tsarki da Allah Ya rubuta musu. Suka ce ai akwai ƙarfafan mutane a ciki, ba za su shiga ba sai waɗancan sun fita. Mutum biyu masu tsoron Allah, waɗanda malaman tafsiri suka ce Yusha'u ɗan Nun ne da Kalibu, suka ba su ƙwarin gwiwa cewa su dai su kutsa ta ƙofa su dogara ga Allah. Ina! Ƙarshe ma suka ce wa Annabi Musa ya je shi da Ubangijinsa su yi yaƙin, su kam ba inda za su motsa. Zama suka zaɓa, sai aka bar su da zaɓinsu. Aka haramta musu ƙasar shekara 40, suna yawo a sahara ba mafita.

To ga inda rahamar Allah take ba ni mamaki. Da yawa daga malaman tafsiri sun ce a cikin wannan horon ne Allah Ya sa gajimare yake yi musu inuwa. Ya saukar musu da mannu, wani abu mai zaƙi kamar zuma, da tsuntsun salwa, ba noma ba farauta. Da ƙishirwa ta kama su, Annabi Musa ya bugi dutse da sandarsa, idanun ruwa 12 suka ɓuɓɓugo, daidai da ƙabilunsu 12, kowace ƙabila ta san mashayarta, ba turereniya ba faɗa a bakin ruwa. Mai laifi ke nan fa, ana hukunta shi kuma ana ciyar da shi.

Me suka saka da shi? Suka ce sun gaji da abinci kala ɗaya, a roƙa musu ganye da kokwamba da tafarnuwa da adas da albasa. Annabi Musa ya yi mamakin yadda za a yi musanyar abu mafi alheri da wanda bai kai shi ba. Ɗan uwa, albasa ba haram ba ce. Laifin shi ne raina abin da ke hannu, da kuma begen cimar da suka saba ci a Masar. Sun tuna miyar, sun manta bulalar da ake cin ta da ita.

Ibnu Khaldun ya tsaya a kan wannan a cikin Muƙaddimarsa. Ya bayyana cewa hikimar shekara 40 ita ce waɗanda suka tashi cikin ƙasƙancin bauta su ƙare, wasu su taso a sahara waɗanda ba su san sunkuya wa Fir'auna ba. Haka kuwa aka yi. Annabi Haruna ya rasu, Annabi Musa ma ya rasu bai shiga ba. A Bukhari da Muslim ya zo cewa ya roƙi Allah Ya kusantar da shi ga ƙasar gwargwadon jifan dutse. Sabbin tashi ne suka shiga a ƙarƙashin Yusha'u ɗan Nun.

Kar wani ya karanta wannan ya ce ai su ne, mu ba ruwanmu. A shekara ta 8 bayan hijira, a hanyar Hunaini, wasu sababbin shiga Musulunci sun ga wata magarya da mushirikai suke rataya makamansu a jikinta don neman tabarraki, ana ce mata Zatu Anwaɗ. Suka nemi Annabi (SAW) ya sanya musu irinta. Nan take ya gaya musu cewa maganarsu irin ta mutanen Musa ce, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. In har hakan ta faru a cikin rundunar da Manzon Allah yake jagoranta, ni da kai wa ya ba mu lamuni?

Ka tambayi kanka tsakani da Allah. Ka bar aikin riba ko cin hanci, Allah Ya ba ka halal ɗan kaɗan da kwanciyar hankali, amma kullum kana ƙiyasta abin da da ka samu in da kana can. Wannan fa ita ce albasar Masar. Ke ma ƴar uwa, kin tuba kin rabu da waccan ƙawar, amma har yanzu lambarta tana cikin wayarki. Wani kuma ya san abin da ya wajaba a kansa, ya mayar da haƙƙin marayu, ko ya raba gadon da ya danne, ko ya je ya nemi gafarar mahaifiyarsa, amma shekara da shekaru yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran abin ya yi sauƙi da kansa. Azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, yana nan inda yake. In ba Tihu ba, mene ne sunan wannan?

Mafita kuwa sahabbai sun nuna mana ita. Kafin yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, Miƙdadu ɗan Aswad (RA) ya miƙe ya tabbatar wa Annabi (SAW) cewa su ba za su faɗi abin da mutanen Musa suka faɗa ba, za su tsaya a damansa da hagunsa, gabansa da bayansa. Fuskar Annabi ta yi haske don farin ciki. Su ɗari uku da ƴan kai ne, abokan gaba sun kusa dubu, kuma suka shiga.

Don haka kafin ka kwanta yau, ka ƙirga mannu da salwar da ke gidanka ka gode wa Allah. Sannan ka dubi ƙofar nan da ka daɗe kana tsoro, ka yi bisimilla ka shiga.

Allah Ya sa mu cikin bayinSa masu godiya, Ya raba mu da ɗimuwa bayan shiriya, Ya sa mu cika da imani. Amin.